Majami'ar Upsala: Zanen Faransa da Tubalin Suwidin

Tsohon gini shaida ne na tarihi, amma shaida ce wadda sai an tuhumce ta kafin a karɓa. Babbar majami'ar Upsala, a ƙasar Suwidin, misali ce mai kyau.

A shekara ta 1164 aka naɗa babban limamin Kirista na farko na ƙasar, mazauninsa kuwa Tsohuwar Upsala. Bayan gobara ta ɓata majami'ar can, sai aka mai da mazaunin zuwa wani gari na kasuwa a bakin kogin Firis, wanda ya gaji sunan Upsala. Nan aka soma sabon gini wajen shekara ta 1270. A 1287 aka ƙulla yarjejeniya a Paris da wani gwanin magini Bafaranshe, Etiyen na Bonoyi, don ya zo da mutanensa su ci gaba da aikin.

Zanen na Faransa ne, watau dogayen ginshiƙai, da bakuna masu tsini, da manyan tagogi. Amma Faransawa da sassaƙaƙƙen dutse suke gini, a nan kuwa gasasshen jan tubali aka fi samu, sai aka bar dutse don ginshiƙai da ƙofofi. Annobar 1350 da rigingimun sarauta suka ja aikin, ba a keɓe majami'ar don ibada ba sai 1435.

Da ƙasar ta rabu da Paparoma a zamanin Sarki Gustab Basa, ginin ya zama makwancin sarakuna. Shi kansa nan aka binne shi a 1560. Sa'an nan gobarar 1702 ta cinye yawancin garin, ta lalata hasumiyoyin. Dogayen ƙololuwa biyu da ake hangowa yau, masu tsawon mita 118 da 'yan kai, ba na maginan farko ba ne. Helgo Zetarbal ya ɗora su tsakanin 1885 da 1893, bisa yadda ya ga ya kamata majami'ar zamanin da ta kasance. Masana da yawa sun zarge shi da ƙara abin da babu, har aka kawar da wasu adonsa a ƙarni na 20.

Saboda haka abin da ya fi kama da tsoho a ginin nan yana cikin mafi sabunta. Mai binciken tarihi wanda ya dogara ga ido kaɗai, bai nemi takardun magina ba, zai ba ƙarni na 13 abin da yake na ƙarni na 19.