Tamodainamiks: darasin jami'a da ke bayan janareta, taki da matatar Kaduna

Tamodainamiks na sinadarai reshe ne na kimiyya da ke nazarin kai-komon zafi da makamashi yayin da sinadarai suke haɗuwa ko rabuwa. Ɗalibin Unguwar Sarki da ya samu gurbin karatun kemistiri a Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, ko injiniyancin sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, babu makawa sai ya ratsa shi, kuma ba ya ratsuwa sai da lissafi mai zurfi.

Dokarsa ta farko ta ce ba a ƙirƙirar makamashi, ba a hallaka shi, kamanni kawai yake sauyawa. Ta biyu, wadda ta samo tushe daga aikin Bafaranshe Sadi Carnot a 1824, ta fi tsauri: babu injin da zai mayar da dukkan zafi ya zama aiki. Shi ya sa galibin makamashin fetur ɗin da ake ɗura wa ƙaramin janareta yake salwanta ta salansa da jikin inji, hasarar da ta ƙara ciwo tun bayan janye tallafin mai a 2023.

A shekarun 1870 Ba'amurke Josiah Willard Gibbs ya samar da ma'aunin da ke nuna ko haɗin sinadarai zai iya gudana da kansa. Sai dai ma'aunin ba ya faɗin saurinsa, kuma a nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Amoniya, uwar takin yuriya, misali ce. Lissafi ya nuna an fi samun ta da yawa idan zafi ya yi ƙasa, amma a hakan haɗin yana tafiyar hawainiya. Dole masana'antu suka raba gardama: zafin digiri 400 zuwa 500, matsi mai tsanani, da ƙarfe mai zaburar da haɗin. Wannan hanya ta Haber da Bosch ta fara aiki a Jamus a 1913.

Raba ɗanyen mai zuwa fetur, kananzir da dizal ma a kan wannan ilmi ya dogara, domin kowanne da zafin da yake tafasa. Matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980 mai ƙarfin tace ganga 110,000 a rana, ta shafe shekaru a tsaye. Hasumiyar da ya kamata ɗalibin ya tsallaka kogi ya gan ta tana aiki, a kan allo ake zana masa ita.