Gasar Sarauniyar Kyau ta Duniya da Rikicin Kaduna na 2002

Wani Bature ɗan Ingila mai suna Eric Morley shi ya ƙirƙiro gasar sarauniyar kyau ta duniya, wato Miss World, a birnin Landan a 1951. Tun ranar farko kayan ninkaya ne jigon gasar. Wadda ta fara lashe ta, Kiki Håkansson 'yar ƙasar Suwidin, an naɗa ta ne tana sanye da ɗan kamfai da rigar nono kawai. Wannan ya ɓata wa ƙasashen Katolika irin su Sifen da Ayalan rai, har aka koma wa rigar ninkaya guda ɗaya mai rufe ciki.

Aikin alƙalai a wannan zagaye shi ne su dubi jiki. 'Yan mata kan jeru a kan dandamali, a ce su juya baya, alƙalai su ba da maki a kan tsayi da ƙira da tafiya. A 1970 wasu mata masu fafutuka suka kutsa zauren gasar a Landan suna jifa da garin fulawa, suna cewa an mai da mace tamkar saniya a kara. Ke nan ƙorafin ya girmi zuwan gasar Afirka. A ƙasar Hausa kuwa abin ya fi zama baƙo, domin a nan da ado ake nuna kyau: lalle da kitso da zane mai tsada.

A 2001 Agbani Darego 'yar Nijeriya ta ci gasar, sai aka ba Nijeriya ɗaukar nauyin ta 2002 a Abuja. Lokacin bai yi daɗi ba. Jihohi goma sha biyu na Arewa sun ƙaddamar da shari'ar Musulunci, kuma wata kotu a Jihar Katsina ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jifa, abin da ya sa wasu 'yan takara suka ƙi zuwa. Su kuma ƙungiyoyin Musulmi suka ce ba su yarda a yi baje kolin tsiraici ba, balle ga azumi ya kama. Masu shirya gasar suka ɗage ranar daga 30 ga Nuwamba zuwa 7 ga Disamba, bayan Salla.

Amma ba daga dandamali wutar ta tashi ba. Ranar 16 ga Nuwamba jaridar ThisDay ta buga sharhin wata matashiyar 'yar jarida, Isioma Daniel, inda ta ambaci Annabi Muhammadu (SAW) ta hanyar da Musulmi suka ɗauka ɓatanci ne. Jaridar ta yi ta neman gafara, amma ranar 20 ga wata aka ƙone ofishinta na Kaduna. Daga nan rikici ya rikiɗe ya zama na Musulmi da Kirista, kamar wanda garin ya gani a 2000. Cikin kwana uku zuwa huɗu an kashe mutum fiye da 200, an ƙone masallatai da coci-coci da gidaje. Akasarin waɗanda suka mutu talakawan unguwa ne da ba su karanta jaridar ba, ba su kuma da niyyar kallon gasar. Mataimakin gwamnan Zamfara, Mamuda Aliyu Shinkafi, ya ce jinin marubuciyar ya halatta, gwamnatin tarayya ta ce maganarsa ba ta da hurumi. Ita dai ta gudu, daga baya ta zauna a Norway.

Aka kwashe 'yan takara zuwa Landan, inda Azra Akın ta Turkiyya ta lashe gasar. A 2013, da aka kai gasar tsibirin Bali na Indonesiya, 'yan mata zane suka ɗaura maimakon kamfai. A Disamban 2014 kuma Julia Morley, matar wanda ya kafa gasar, ta sanar da soke zagayen kayan ninkaya, shekara goma sha biyu bayan rikicin Kaduna.