Sahun Salla Da Zaman Baƙunci

Duk wanda ya hau Goron Dutse ya dubi gabas, sai ya ga birnin Kano a shimfiɗe kamar gida guda. Amma ku bi sunayen unguwoyi ku ji: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, da Ayagi ta Yarabawa. Ashe kakannin Kanawa da yawa baƙi ne. To, ƙaƙa aka yi suka zama 'yan gari?

Masu tarihi sun ce Wangarawa sun zo daga Mali zamanin Sarki Yaji (1349-1385), suka kafa salla. A zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499) kuwa aka gina masallacin Jumma'a, aka fara sallar Idi a Shadakoko. Tun daga nan baƙon da ya zo fatauci, ko da bai ji Hausa ba, in ya shiga sahu sai kafaɗarsa ta gogi ta ɗan gari. Yau salla tare, gobe ciniki, jibi auratayya, har jikokinsa su tashi ba su san wani gari ba sai Kano.

Yanzu mu juya Kurmi, mu ga Bahaushe shi ma yana baƙunci. A 1916 aka yanka wa Hausawan Badun unguwar Sabo. Sana'arsu kai shanu kudu, su yiwo goro arewa, ran Jumma'a kuwa su bi limamin Yarabawa. Da siyasar jam'iyyu ta shigo, hukuma ta fara janye hannu daga tsare musu unguwa, sai suka ji tsoron kada su narke cikin masu gari, cinikin ya kuɓuce. Ana cikin haka ɗarikar Tijjaniyya ta Shehu Ibrahim na Kaulaha ta game Sabo, kowace yamma ana taruwa wazifa. A 1952 suka ware Jumma'arsu a masallacin unguwa. Yarabawa suka ji zafi ƙwarai, suka ce an raba kan Musulmi, amma Hausawa ba su koma ba.

Kun ji, 'yan makaranta, alƙibla ɗaya ce, amma a Kano sahu ya mai da baƙi 'yan gari, a Badun kuwa ya tsare wa baƙi asalinsu. Saboda haka in kun je wani gari kuna son sanin zaman baƙinsa, ku jira ran Jumma'a ku ga inda kowa ya shimfiɗa buzunsa.