Maɓallin da ba ya magana: tarihin rediyon tauraron ɗan Adam a cikin mota

Duk wanda ya taɓa shiga motar da aka shigo da ita daga Amurka, irin 'yan kwatanon nan da suka cika kasuwannin motoci daga Legas har Kano, wataƙila ya lura da wani maɓalli a jikin rediyonta mai ɗauke da rubutun SAT, ko XM, ko SIRIUS. Ka danna AM ta yi magana, ka danna FM ta yi kiɗa, amma wannan na uku ko ka yini kana dannawa ba abin da za ka ji. Wani rewaya ya taɓa ce mini in kawo kuɗi ya "buɗe" mini shi. Ban bayar ba, amma tambayar ta zauna mini a rai: mene ne wannan rediyo, kuma ko ya cancanci kuɗin da ake kashewa wajen sa shi a mota? Amsar tana cikin tarihinsa, tarihin da ya ci biliyoyin daloli, ya kai wani kamfani ƙasa, ya kuma kusa kai wasu biyu.

Matsalar doguwar hanya

Tun shekarar 1930, lokacin da kamfanin Paul Galvin ya fito da rediyon mota mai suna Motorola, direban Amurka yake fama da matsala guda. Ƙasar tana da faɗi, tashar rediyo kuwa tana da iyaka. Muryar FM ba ta wuce 'yan gomman kilomitoci daga hasumiyarta, domin tafiyarta a miƙe take, dutse ko tudu na iya tare ta. AM ta fi nisa, musamman da dare, sai dai ga shuu da ƙara. Wanda ya tashi daga New York zuwa Los Angeles, tafiyar fiye da kilomita 4,000, zai yi ta murɗa rediyo yana rasa tasha yana neman wata, a hamadar Nevada kuma ya yi sa'o'i ba abin ji sai ƙugin inji.

A shekarar 1990 Martine Rothblatt, lauya a fannin sadarwar sararin samaniya, ta kafa kamfanin Satellite CD Radio, ta nemi hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta ware zango na musamman. Dabarar ita ce a ɗaga hasumiyar zuwa sama, ta yadda tauraro zai lulluɓe ƙasar baki ɗaya da murya ɗaya. Masu gidajen rediyo na ƙasa suka yi ca, suna cewa za a kashe musu kasuwa, aka yi shekara bakwai ana jayayya. Sai a watan Afrilun 1997 FCC ta yi gwanjon lasisi biyu kacal. CD Radio ya biya kimanin dala miliyan 83, American Mobile Radio kuma kusan miliyan 90. Na farkon ya koma Sirius a 1999, na biyun ya zama XM a 1998. Hukumar ta kuma gindaya sharaɗi: kamfani ɗaya ba zai mallaki lasisin biyu ba. A riƙe wannan sharaɗi, za mu dawo kansa.

Yadda ake kama murya daga sama a mota mai gudu

Kafa tasa a kan rufin gida abu ne mai sauƙi, tunda gida ba ya motsi. Mota kuwa tana juyawa, tana shiga ƙarƙashin gada, tana ratsa tsakanin dogayen benaye. Kowane kamfani ya bi tasa hanyar. XM ya harba taurari biyu a 2001, aka sa musu suna Rock da Roll, daga wani dandamali da ke shawagi a tekun Fasifik. Sun tsaya a nisan kusan kilomita 36,000, suna juyawa daidai da juyin duniya, don haka ga wanda ke ƙasa kamar a kafe suke. Sirius ya harba uku a shekarar 2000 daga Baikonur ta Kazakistan, a kan wata karkatacciyar hanya da ke sa kowannensu ya shafe kimanin sa'a 16 a rana yana saman Amurka ta Arewa, can tsakiyar sama, inda gini ba zai tare shi da sauƙi ba.

Sauran dabarun biyu ne. Ana aiko shiri ɗaya ta taurari biyu da tazarar kusan sakan huɗu, na'urar motar kuma tana ajiye abin da ta kama, ta yadda in gada ta tare ɗaya na ɗan lokaci, sai ta cike giɓin da ɗayan. A cikin manyan birane kuma aka kakkafa ɗaruruwan ƙananan tashoshi a kan benaye masu maimaita abin da tauraro ya aiko. Wato rediyon da ake kira na sama, a tsakiyar Manhattan daga ƙasa ake jin sa.

XM ya shirya buɗe aiki ranar 12 ga Satumban 2001. Harin da aka kai New York da Washington kwana ɗaya kafin nan ya sa aka ɗage zuwa 25 ga watan. Kuɗin wata dala 9.99, tashoshi ɗari. Sirius ya biyo baya a Fabrairun 2002, ya game ƙasar a watan Yuli, a kan dala 12.95.

Waya a kan dashbod

Masu saye na farko sun sha aiki. Mutum zai sayi wata ƙaramar na'ura, irin Delphi SKYFi ko Roady, ya manna ta a kan dashbod, ya ɗora eriya mai maganaɗisu a kan rufi, ya bi da siririyar waya ta ƙarƙashin robar gilashi har cikin mota, ya jona wuta a ramin kunna sigari. Sauti kuma yakan shiga rediyon motar ta kaset na musamman, ko ta wata 'yar tashar FM da ke cikin na'urar. Wannan ta ƙarshe ta jawo rigima. Wasu na'urorin suna watsa murya fiye da ƙa'ida, har direban da ke gefe a danja ya ji shirin maƙwabcinsa ya kutso cikin tashar da yake saurare. FCC ta shiga bincike a 2006, aka dakatar da sayar da wasu samfura.

Kamfanonin sun gane da wuri cewa mutane kaɗan ne za su jure wannan wahala, kuma makomarsu tana hannun masu ƙera motoci. General Motors ya zuba jari a XM tun 1999, ya fara sa rediyon a motocin Cadillac tun daga masana'anta a ƙarshen 2001. Honda ma ya bi XM, Ford da Chrysler da BMW suka bi Sirius. Daga nan tsarin ya zama haka: ka sayi sabuwar mota, rediyon na ciki, a ba ka 'yan watanni kyauta, a yi fatan ka saba. Maɓallin nan da muke gani a 'yan kwatano gadon wannan yarjejeniya ne.

Gasar da ta kusa cinye masu yin ta

Tunda kowa zai iya sa kiɗa, sai gasar ta koma kan abin da ba a samu a wani wuri. A Oktoban 2004 Sirius ya ɗauko Howard Stern, mai gabatar da shirye-shiryen da bakinsa ya sha jawo wa gidajen rediyo tara, a kan dala miliyan 500 na shekara biyar. A tauraro, inda sai wanda ya biya yake ji, dokar tace kalamai ba ta hau kansa ba. XM ya sayi wasannin ƙwallon gora na Amurka a kan dala miliyan 650 na shekara 11, ya kuma ɗauko Oprah Winfrey. Masu biyan kuɗi suka ƙaru zuwa miliyoyi, amma babu kamfanin da ya taɓa rufe shekara da riba.

A Fabrairun 2007 suka sanar da cewa za su haɗe. Nan sharaɗin 1997 ya taso. Hujjarsu ita ce duniya ta canja: yanzu abokan gasarsu su ne iPod da rediyon intanet da FM ta kyauta. Bayan wata 17, a Yulin 2008, FCC ta amince da ƙuri'a uku a kan biyu, aka haifi Sirius XM da masu biya sama da miliyan 18. Auren ya zo daidai da rushewar tattalin arziki, cinikin motoci ya faɗi, bashi ya taso. A farkon 2009 hannun jarin kamfanin ya sauko zuwa 'yan santi. John Malone na Liberty Media ne ya cece shi da rancen dala miliyan 530, ya karɓi kashi 40 cikin ɗari na kamfanin. Da kasuwar motoci ta farfaɗo, masu biya suka haura miliyan 30.

Tauraron da aka harba domin Afirka

Akwai wani reshe na labarin da ya shafe mu kai tsaye. A shekarar 1990 ɗin nan dai, Noah Samara, haifaffen Habasha wanda mahaifinsa ɗan Sudan ne, ya kafa WorldSpace a Washington. Abin da ya dame shi shi ne yadda cutar ƙanjamau ke yaɗuwa a Afirka saboda ƙarancin bayani. A Oktoban 1998 aka harba AfriStar daga Kourou, kusan shekara uku kafin XM ya fara aiki, AsiaStar kuma ya biyo a 2000. WorldSpace ma yana cikin masu jarin farko a XM. Ke nan Afirka ta riga Amurka jin rediyon tauraro.

Amma akwatunan farko, waɗanda Hitachi da JVC da Panasonic da Sanyo suka ƙera, kuɗinsu ya kai ɗaruruwan daloli, a nahiyar da manomi ke kama BBC da Muryar Amurka a gajeren zango da rediyo mai batir biyu. A daidai lokacin kuma tashoshin FM masu zaman kansu suna ta buɗewa da harsunan gida. Sannan eriyar WorldSpace sai an fuskantar da ita ga tauraro, babu tashoshin ƙasa masu cike giɓi, don haka ba ta dace da mota ba. Abin da ya riƙe XM da Sirius, wato masana'antar mota mai cusa rediyon a hannun mai saye, shi ne WorldSpace ya rasa. Ya bayyana karyewa a Oktoban 2008, wata uku bayan haɗewar takwarorinsa na Amurka.

To, ya cancanci a sa?

A Amurka da Kanada amsar ta danganta da hanyar da mutum ke bi. Direban tirela mai ratsa Montana ko Wyoming, inda sabis ɗin waya ke ɗaukewa, yana samun abin da babu mai ba shi: labarai da wasanni da kiɗa ba yankewa daga wannan gaɓar teku zuwa waccan. Mazaunin birni mai tafiyar rabin sa'a zuwa ofis kuwa, tun da CarPlay da Android Auto suka shigo motoci a tsakiyar shekarun 2010, wayarsa tana ba shi fiye da haka, sau da yawa da sauti mafi kyau, domin cusa tashoshi da yawa a ƙaramin zango yana rage ingancin kowace. Kamfanin da kansa ya fahimci haka, shi ya sa ya sayi Pandora a 2019 a kan dala biliyan 3.5. Sa na'urar kuɗinsa sau ɗaya ne. Kuɗin wata shi ne ainihin nauyin, kuma fita daga cikinsa ba ta da sauƙi. A Disambar 2023 babbar lauyar jihar New York, Letitia James, ta kai kamfanin kotu kan wahalar da masu son daina biya.

Ga mai 'yar kwatano a Kano ko Maraɗi, maganar gajeriya ce. Taurarin SiriusXM suna saman nahiyar Amurka, can bayan doron duniya daga inda muke, haskensu kuma a kan Amurka ta Arewa aka saita shi. Babu wayar da za a ja, babu lambar da za a shigar, da za ta sa eriyar da ke kan rufin motarka ta hango su. Duk rewayan da ya ce zai buɗe maka wannan maɓalli, ka riƙe kuɗinka ka sayi data.