Damina a Ƙasar Hausa: Daga Yunwar Kakalaba Zuwa Ambaliyar Alau

A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a jihar Yobe ta yau, sai ya ci karo da wani katako a can ƙarƙashin ƙasa. Da masana suka tono shi, sai ga kwalekwale, tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kuwa sun kai 8,000. A zamanin da aka sassaƙa shi, Tafkin Chadi ya mamaye wajen murabba'in kilomita 350,000, kuma Sahara makiyaya ce mai ciyawa da tafkuna. Har gobe akwai zanen raƙuman dawa a jikin duwatsun Dabous, arewa da Agadas, aikin mutanen da suka ga dabbobin da idonsu. Damina ce ta kai ruwa har can, kuma ita ce ta janye kimanin shekaru 5,000 da suka wuce, sa'ad da yanayin zagayen duniya a kewayen rana ya ɗan sauya. Wancan sauyi ya ɗauki dubban shekaru. Na yanzu kuwa, dattijo guda ya ga farkonsa, yana kuma kallon ci gabansa.

Manomi a Kano ko Maraɗi gabas yake duba idan yana jiran hadari, kuma yana da gaskiya, don daga can gajimare ke tasowa. Amma danshin da ke cikin gajimaren, mafi yawansa daga kudu maso yamma yake zuwa, daga tekun Atlantika. Idan bazara ta yi, Sahara ta ɗauki zafi, iskar da ke kanta sai ta yi sama, iska mai laima daga teku ta kwararo ta maye gurbinta, tana tura busasshiyar iskar hunturu baya. Inda iskokin biyu suka haɗu, a bayansa ruwa ke sauka. Wannan mahaɗa tana hawowa arewa sannu a hankali: ta wuce Legas tun farkon shekara, ta iso Zariya da Kano wajen Mayu da Yuni, ta taɓa Agadas a Yuli da Agusta, sannan ta juya. Irin wannan iska ce ke shayar da Indiya, kuma duk abin da ya taɓa zafin teku ko zafin hamada ya taɓa ta.

A kan wannan zuwa da komawa Bahaushe ya gina rayuwarsa. Yana ƙirga watannin noma, yana sa ran ruwan shuka a watan bakwai. Yana lura da isowar shamuwa da kaɗawar ganyen gawo. Mai ƙarfin hali ya yi binne kafin ruwan fari, ya bar sauran ga Allah. Gero ya riga dawa nuna don ya kashe yunwar tsakiyar damina, maiwa ta biyo baya, wake ya shiga tsakanin kunya. Rumbu kuwa ba na shekara guda ba ne. Gidan da ya san abin da yake yi yakan ajiye damman da za su kai shi wata kakar ko da wadda ke tafe ta ƙi. Idan ruwa ya ɗauke, a fita bayan gari a yi sallar roƙon ruwa. Duk waɗannan dabaru ne na mutanen da suka daɗe da sanin cewa damina tana iya saɓa alkawari.

Ta kuwa sha saɓawa. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci yunwa a zamanin Sarki Alwali, na ƙarshe kafin jihadi. Amma wadda ta fi zama a bakin tsofaffi ita ce Kakalaba, ta 1913 zuwa 1914. Ruwan da ya sauka a Kano a 1913 bai fi rabi da 'yan kai na abin da aka saba ba. Abin ya zo a mummunan lokaci: jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Kano ba, cinikin gyaɗa ya buɗe, Turawan mulki suna karɓar haraji da kuɗi, mutane da yawa sun riga sun sayar da hatsinsu. Jama'a suka kwararo daga ƙasar Damagaram da sauran yankunan da ke hannun Faransa suna neman abin sawa a baki. An ci karangiya, an ci anza, an tona gidajen tururuwa ana neman ƙwayar hatsi. Dubun dubatar mutane suka rasu. Bayanta aka yi 'Yar Buhu a 1927 da 'Yar Gusau a 1942, amma babu wadda ta kama ƙafar Kakalaba.

Sai kuma aka shiga shekarun ni'ima. Daga 1950 har zuwa tsakiyar shekarun 1960, damina ta yi ta kyau a jere. Dalar gyaɗa ta tashi a Kano, Tafkin Chadi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a 1963, manoma suka yi ta sharar sababbin gonaki a arewa, cikin makiyayar Fulani da Buzaye, har gwamnatin Nijar ta kafa doka a 1961 ta shata iyakar da noma ba zai ƙetare ba. A cikin waɗannan shekaru ne Najeriya da Nijar suka sami 'yancin kai, kuma sababbin shugabanni suka tsara lissafinsu a kan cewa haka ruwan zai ci gaba.

Daga 1968 ruwa ya fara ja da baya. A 1972 da 1973 abin ya kai maƙura. Rijiyoyi suka ƙafe, shanu suka yi ta faɗuwa a kan burtali, Buzayen da suka rasa raƙuma da awaki suka taru a sansanin Lazare kusa da Yamai, wasu suka gangaro Kano da Kaduna suna aikin gadi. An ƙiyasta cewa mutum 100,000 ne suka mutu a faɗin yankin Sahel. Tafkin Chadi ya rabe gida biyu a 1973. A watan Afrilun 1974 sojoji ƙarƙashin Seyni Kunce suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, kuma yadda aka tafiyar da abincin agaji yana cikin dalilan da suka bayar. Gyaɗar Kano, wadda fari ya riga ya raunana, cutar da ta auka mata a 1975 ta ƙarasa ta, dala kuma ba ta sake tashi ba.

Ba a gama farfaɗowa ba sai ga 1983 da 1984, waɗanda suka fi na baya bushewa. Mutanen Maraɗi da Damagaram sun laƙaba wa yunwar 1984 sunan El Buhari, saboda ta zo daidai da lokacin da gwamnatin soja ta Najeriya ta rufe iyaka, hatsi ya daina ƙetarawa. A watan Yunin 1985 kogin Kwara ya daina gudu a Yamai. Tafkin Chadi ya koma ƙasa da murabba'in kilomita 2,000, babban aikin noman rani da aka kashe wa maƙudan kuɗi a kudancin tafkin, a Borno, ya tsaya da hanyoyin ruwansa a bushe. Idan aka gwada da shekarun 1950, ruwan Sahel ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100. A duk ƙarni na 20 babu wani yanki mai faɗi haka a duniya da ya ga raguwar ruwa mai tsawo irin wannan.

Laifin wa? Amsar farko da duniya ta karɓa ta ɗora shi a kan talaka. A 1975 wani masanin yanayi Ba'amurke, Jule Charney, ya kawo ra'ayin cewa yawan kiwo da ƙarewar tsirrai na sa ƙasa ta yi haske, ta mayar da hasken rana sama, hakan kuma ya hana hadari haɗuwa. Ra'ayin ya samu karɓuwa, taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kwararowar hamada da aka yi a Nairobi a 1977 ya ƙara masa ƙarfi. Shekara da shekaru ana nuna makiyayi da mai saran itace da yatsa, ana cewa su suka kori ruwa da hannunsu.

Binciken da ya biyo baya ya nuna wani wuri dabam. A 1986 Chris Folland da abokan aikinsa a hukumar yanayi ta Birtaniya suka gano cewa shekarun fari a Sahel suna zuwa ne idan tekunan kudancin duniya suka fi na arewa ɗumi. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna cewa zafin tekuna kaɗai ya isa ya bayyana wani babban ɓangare na hawa da saukar ruwan Sahel a ƙarni na 20. Wasu masanan kuma suka bi sawun abin da ya sanyaya arewacin Atlantika, suka tarar cewa ban da juyin da teku kan yi da kansa, akwai hannun hayaƙin masana'antun Turai da Amurka masu ƙona kwal. Ƙurar farar wuta da ke cikin hayaƙin tana tare hasken rana, arewa ta yi sanyi, mahaɗar ruwan ta kasa hawowa inda ta saba. Saran itace da yawan kiwo suna lalata ƙasa, babu musu, amma matar da ta rasa ɗanta a Tawa a 1973 ba gatarin mijinta ne ya hana ruwa sauka ba.

Tun daga shekarun 1990 ruwa ya fara dawowa, bayan ƙasashen arewa sun rage wancan hayaƙi, duniya kuma tana ƙara ɗumi saboda iskar da man fetur da kwal ke fitarwa. Sai dai daminar da ta dawo ba wadda ta tafi ba ce. Tsofaffi suna tuna marka, ruwan Agusta da kan wuni yana zuba a hankali, ƙasa na sha. Yanzu abin da aka fi gani shi ne a yi kwana da kwanaki shuka na yaushi, sannan a dare guda a sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ma'aunin masana ya gaskata idon manomi. A 2017 Christopher Taylor da abokan aikinsa suka duba hotunan tauraron ɗan'adam na shekaru 35, suka tarar cewa manyan haduran Sahel mafiya ƙarfi sun ninka sau uku tun 1982. Dalilin shi ne Sahara tana ƙara zafi da sauri, bambancin zafi tsakaninta da ƙasashen kudu yana ƙaruwa, wannan kuma ke ba hadari ƙarfi. Ga shi kuma duk ƙarin zafi na digiri ɗaya yana sa iska ta iya ɗaukar ƙarin danshi na wajen kashi 7 cikin 100.

Irin wannan ruwa ba ya samun lokacin shiga ƙasa, musamman inda fari ya riga ya ƙeƙasar da ita. Yana gudu ne ya cika kwari da kogi, kuma a cikin kwarin nan yanzu akwai gidaje. A shekarun fari birane sun faɗaɗa zuwa fadamu da bakin koguna, an cike kududdufai an yi gini, saboda an ga shekaru ashirin ruwa bai zo wurin ba. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. A 2020 kogin Kwara ya yi cikar da ba a taɓa aunawa ba a Yamai. A 2022 fiye da mutum 600 suka rasu a Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki, inda ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa a kwarin Haɗeja. A 2024 tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya rushe cikin ruwan Satumba. Nijar ta rasa fiye da mutum 300, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Ranar 10 ga Satumban wannan shekara madatsar ruwa ta Alau, wadda aka gina a tsakiyar shekarun 1980 lokacin da ƙishi ne abin tsoro, ta ɓalle, ruwa ya shanye babban ɓangare na Maiduguri.

Manoma ba su zauna jiran taron ƙasashe ba. Tun daga 1984 mutanen Maraɗi suka koma barin tohon itatuwa a gonakinsu maimakon sassabe su, suna gyara su har su girma. An ƙiyasta cewa a kudancin Nijar wannan dabara ta dawo da itatuwa miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, gawo a kan gaba. A ƙasar Tawa ana haƙa ƙananan ramukan tassa a fako, a zuba taki, ruwa ya tsaya a gindin shuka. Irin gero mai saurin nuna, kamar Sosat, ya bazu a Borno da Yobe da Jigawa, hukumar yanayi ta Najeriya kuma tana fitar da hasashen damina duk farkon shekara, har da fassarar Hausa.

Hasashen masana na gaba ya nuna cewa tsakiya da gabashin Sahel, inda ƙasar Hausa take, za su ƙara samun ruwa, yammaci wajen Senegal kuma zai ragu, sannan ruwa mai ƙarfi zai ƙaru ko'ina. Ƙarin zafin kuma zai riƙa shanye danshin ƙasa da wuri, don haka fari bai tafi ba. Hukumomin shekarun 1960 sun yi lissafi da ni'ima kawai, na 1980 sun yi da fari kawai, kowannensu kuma talaka ne ya biya kuɗin kuskurensa. Wajibi ne gwamnatocin Najeriya da Nijar na yau su yi shirin abu biyu a lokaci guda: su duba lafiyar tsofaffin madatsun ruwa kafin kowace damina, su hana gini a kan hanyar ruwa tare da ba mutane wurin komawa, su cika rumbunan hatsi na ƙasa, su kuma tabbatar hasashen damina ya isa kunnen manomi a ƙauyensa kafin ya zuba iri.