Tsofaffin Bindigogin Ƙasar Ruma da Safana

Da wuya a sami ɗan Batsari ko Safana da ya haura shekara 40 wanda bai taɓa ganin tsohuwar bindiga rataye a zauren kakansa ba, an naɗe mariƙinta da fata, layu na reto a wuyanta. Wasu na kiranta adaka, wasu baushe, masu barkwanci kuma su ce harba-ka-ruga. Mu da muke zaune a Kaduna da Abuja da Legas mun saba ɗaukarta a matsayin tarkacen da. Alhali kuwa wannan ƙarfe na ɗauke da wani sashe na tarihinmu da ba a rubuta ba, kuma yana ɓacewa a gaban idonmu.

Ƙasarmu ƙasar kan iyaka ce tun fil azal. Bayan da masu jihadi suka karɓi Katsina a 1807 a ƙarƙashin Malam Ummarun Dallaje, sarakunan Haɓe suka yi arewa suka kafa Maraɗi, garuruwanmu suka zama filin daga tsakanin gidaje biyu. Wajen 1843 mutanen Ruma suka mara wa Sarkin Maraɗi Ɗanmari baya, Sarkin Katsina Siddiku ya murƙushe boren da hannu mai nauyi, garuruwa da dama suka zama kufai, daji ya cinye gonaki. Kenan wani ɓangare na dajin Rugu da muke tsoro a yau, garuruwan mutane ne a da. Bayan shekara 10, a 1853, Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya bi ta Zakka a hanyarsa ta zuwa Sakkwato, cikin ayarin Galadiman Sakkwato, kuma bayaninsa ya nuna irin fargabar da ke kama ayari kafin ya keta wannan daji.

Sai dai yaƙe-yaƙen wancan zamani na doki ne da takobi da mashi da kibiya mai dafi. Sunan da Ɗanwaire, Gwanki Sha Bara, ya bari a bakin mutanen Ruma, a kan doki ya yi shi. Bindiga ta yi ƙaranci ƙwarai, ta fi yawa a hannun bayin sarki. Masanin tarihi Joseph Smaldone, a littafinsa na 1977 kan yaƙi a Daular Sakkwato, ya nuna cewa sai a ƙarshen ƙarni na 19 bindiga ta fara yawaita a rundunonin sarakuna. Wanda ya yi zarra a makwabtanmu shi ne Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya tara dubban bindigogi ta hanyar fataken Tarabulus, har ana ƙera masa igwa da albarushi a cikin birninsa.

Dalilin da ya sa maharbin baka bai ji kunya a gaban ɗan bindiga ba a fili yake. Adaka ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a cusa tsumma, a danna da sandar ƙarfe, a zuba harsashi ko guntayen ƙarfe, a sake dannawa, sannan a ja kunama, ƙanƙara ta ƙyasta wuta. Idan damina ta jiƙa albarushin, sai ta ƙi tashi. Kafin a gama ɗuri ɗaya, gwanin baka ya saki kibiyoyi da yawa. Abin da bindiga ta fi kibiya da shi, ƙara ce da hayaƙi masu firgita dawaki.

A daidai wannan lokaci, a Amurka an riga an wuce nan. A 1860 aka fito da bindigar Henry, Winchester ta biyo baya a 1866 da 1873. Irin waɗannan suna da wani mariƙin ƙarfe a ƙarƙashin kunama. Mai harbi ya tura shi ƙasa ya dawo da shi, kwanson da aka harba ya fice, sabon harsashi ya hau daga wani bututu da ke kwance ƙarƙashin bakin bindigar. Henry na cin harsashi 15 a bututun nan. A 1877 sojojin Turkiyya suka yi wa Rashawa mummunar ɓarna da Winchester a Plevna, duniya ta shaida.

To me ya hana irin wannan bindiga zama ruwan dare a kasuwannin Katsina da Maraɗi? Nisa da tsada suna ciki, ga harsashinta da maƙerinmu ba zai iya ƙerawa ba. Amma akwai kuma doka. A 1890 ƙasashen Turai suka rattaba hannu kan yarjejeniyar Brussels, wadda ta hana sayar wa mutanen mafi yawan Afirka bindigogin zamani, ta bar musu masu ƙanƙara da albarushin kasuwa kawai. An ce don a kashe cinikin bayi aka yi haka. Mu dai abin da muka gani shi ne, bayan shekara 13, a 1903, sojojin Lugga suka ci Kano a watan Fabrairu da Sakkwato a watan Maris da bindigar Maxim, Katsina kuma ta miƙa wuya a zamanin Sarki Abubakar ba tare da an yi yaƙi ba.

Daga nan adaka ta koma hannun maharba da masu gadin gona. Maƙeranmu suka ƙware wajen gyara ta, daga baya har suna ƙera sabuwa da bututun ruwa ko sandar sitiyarin mota. Dokar makamai ta 1959 ta yarda a riƙe mai ɗurin baki, amma da lasisin 'yan sanda. A fada kuwa ta zama kayan ado: 'yan bindigar sarki su ne masu buga ta ranar hawan salla, yara na toshe kunne suna dariya.

Abin takaici, yau idan aka ce "'yan bindiga" a Batsari, ba wanda ke tuna hawan salla. Bayan rushewar Libiya a 2011 makamai suka ƙara kwarara ta Sahara, AK-47 mai cin harsashi 30 ta shiga dajin Rugu. A Fabrairun 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Ɗankar. A Afrilun shekarar aka kashe 47 a ƙauyukan Safana da Ɗanmusa da Dutsinma. Mutanen ƙauye suka sauko da bindigogin zaure don kare kai, tazarar da ke tsakanin adaka da Maxim ta dawo a kan jikoki. Cikin wannan hali ne tsofaffin bindigogi ke salwanta: wasu an ƙwace, wasu sun fashe a hannun masu su, wasu an bar su a ƙauyukan da aka gudu aka bari.

Waɗanda suka rage suna iya magana, in an san yadda ake tambayarsu. A goge gindin bututun da mai a hankali, kada a kankare. Haruffan ELG a cikin da'ira mai siffar ƙwai na nufin an gwada ta a Liège ta ƙasar Beljiyam. Kambin sarauta da kalmar TOWER na nuni ga samfurin Ingila, ko da yake an sha kwaikwayonsa don kasuwar Afirka. Wadda ba ta da tambari, mai yiwuwa aikin maƙerin gida ce, kuma a wurinmu ita ta fi daraja, domin akwai dattijon da zai iya faɗin maƙerar da ta fito da hannuwan da ta bi.

Kada wanda ya gwada harba irin wannan bindiga don sha'awa. Tsatsa na cin bututu ta ciki, kuma albarushin harsashin zamani na iya tarwatsa shi. Sau da yawa ma akan tarar da tsohon ɗuri na kwance a ciki shekara da shekaru. Abin da muke roƙon 'yan ƙungiya shi ne, duk wanda ya je gida salla ya ɗauki hotonta, ya naɗi muryar mai ita, ya rubuta sunan gari da zuriya. Wadda iyali suka amince su bayar, a bi ta hannun Sarkin Ruma ko Yariman Katsina da 'yan sanda, a kai ta gidan adana kayan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina.