Allon da Ke Nunawa Ba Ya Kai Tsegumi

A sana'armu ta kafa manyan alluna, masu saye iri biyu ne. Akwai banki da otal da filin ƙwallo, waɗanda burinsu kowa ya gani, har wanda ke tsallaken titi. Akwai kuma ofisoshin gwamnati masu tsananin tsaro, inda ake son mutum goma ko ashirin da ke cikin ɗaki su ga komai tar, amma ko ɗigo kada ya fita waje. Kayan kan yi kama a ido, wani lokaci ma kamfani ɗaya ne ya ƙera su, sai dai aikin ya sha bamban. Ni da na biyun na fi sabawa. A Kano na koyi gyaran talabijin, neman na kai ya kai ni Duwala, daga can na gangara Libreville, inda na tarar da 'yan uwa Hausawa waɗanda kakanninsu suka zauna a Oyem da Bitam tun zamanin Turawa.

Tushen aikin nan yana ɗakunan yaƙi. A yaƙin duniya na biyu, sojin saman Ingila kan shimfiɗa ƙatuwar taswira a kan tebur, mata ma'aikata na tura 'yan alamomi da dogayen sanduna don nuna inda jiragen Jamus suka iso, hafsoshi kuma na kallo daga sama. Buƙatar ita ce jama'a da yawa su ga abu ɗaya a lokaci ɗaya, don kada umarni ya saɓa, kuma har yau ba ta sauya ba. Da hukumar NASA ta buɗe ɗakin kula da tafiyar kumbo a Houston a 1965, sai taswira ta tashi daga tebur ta hau bango, da taimakon manyan na'urorin majigi, ciki har da Eidophor wanda Fritz Fischer ya ƙirƙira a Zurich. Hoton ɗakin nan ya zauna daram a zukatan shugabanni. Duk ministan da ya ce yana son ɗakin sa ido, shi yake hangowa.

Mu a nan mun daɗe muna aiki da taswirar takarda da alli da wayar tarho. Daga baya aka fara jera talabijin masu doro a kan kanta, kowanne da kyamarar da yake nunawa. Nauyi gare su, ga zafi, ga kuma wani aibi da ido ba ya gani. A 1985 wani injiniya ɗan ƙasar Holan, Wim van Eck, ya wallafa binciken da ya nuna cewa irin wannan akwati yana zubar da sigina a iska, har mutum na iya zama cikin mota a waje da eriya da 'yan kaya masu araha ya karanta abin da ke kan allon. Amurka da ƙungiyar NATO sun daɗe da sanin haka, suna ɓoye shi a ƙarƙashin sunan TEMPEST. Daga nan ne ƙa'idojin da muke bi suka samo asali: wayar da ke ɗauke da sirri, wadda muke kira ja, ba ta bin bututu ɗaya da baƙa, wadda ba ta ɗauke da sirri, ana tace wutar da ke shiga ɗaki, inda abin ya yi tsanani ana lulluɓe bangon da ƙarfe. A 2004 Markus Kuhn na jami'ar Cambridge ya nuna cewa alluna marasa doro ma suna yoyo, galibi ta wayar da ta haɗa su da kwamfuta.

Bango na gaskiya ya zo ne da akwatunan majigi masu haskowa ta baya. A 1987 Larry Hornbeck na kamfanin Texas Instruments ya ƙirƙiro wani ɗan guntu mai ɗauke da dubban ƙananan madubai da ke karkata don zana hoto, abin da aka sani da DLP. Kafin ƙarshen shekarun 1990, kamfanoni irin su Barco na Beljiyam da Mitsubishi na Japan suna sayar da akwatunan da ake ɗora su kan juna har su cike bango. A kansu na koyi haƙuri. Bayan kowane bango akwai wani siririn lungu mai duhu, fankoki na gurnani, a nan muke yini. Shekara sa'a 8,760 ce, ƙwan fitilar ciki kuwa da ƙyar yake kaiwa hakan, kuma yana dusashewa tun kafin ya mutu. Da ka sa sabo a akwati ɗaya, sai ya fi maƙwabtansa haske, taswira ta fito dabbare-dabbare. Sai yaro ya tsaya a gaba da ma'aunin haske yana kira, "Maigida, a rage kore, a ƙara ja kaɗan," ni ina baya ina murɗawa, har teku ya zama launi ɗaya daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Plasma mai inci 42 ta shigo kasuwa wajen 1997, manya suka so ta saboda ba ta cin wuri. Ba ta dace da aikinmu ba. Hoton da ya daɗe a wuri ɗaya yakan ƙone a jikin gilashin ya zauna, kamar shatin tabarma a kumatun mai barci. A falon gida wannan muni ne kawai. A ɗakin tsaro kuwa, allon da aka cire yana iya ɗauke da zanen gini da jerin kyamarori da sunayen wurare, kuma duk wanda ya saya ya kunna zai gani. Tun lokacin na ɗauki al'adar da ban bari ba: allon da ya yi aiki a irin wannan ɗaki ba ya zuwa kasuwar gwanjo, fasa shi ake yi a gaban shaida a rubuta. Zuwa ƙarshen 2014 Panasonic da Samsung duk sun daina ƙera plasma.

LCD ce ta gaje ta, mai inci 46 ko 55, kuma gasar kamfanoni ta koma kan siririn bakin da ke raba allo da allo, daga kusan milimita 7 har ya dawo ƙasa da milimita 1. Bayanta sai LED mai ƙananan ƙwayoyi, wadda ba ta da layi ko kaɗan. Ita ma ba ta yiwu ba sai da Shuji Nakamura na kamfanin Nichia ya samar da shuɗiyar LED mai ƙarfi a 1993, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel ta 2014 tare da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano. Yau tazarar ƙwaya da ƙwaya takan sauka ƙasa da milimita 1, mutum ya tsaya kusa ya karanta ƙananan rubutu.

Waɗannan shekaru ne kuma aiki ya buɗe a Libreville. Birnin dama mazaunin ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka ne, CEEAC, wadda aka kafa a nan a 1983, kuma tana da sashen hango rikici tun kafin ya ɓarke, MARAC. A 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe ofishinta na yankin, UNOCA, a shekarar kuma Gabon ta kafa hukumar ANINF mai kula da hanyoyin sadarwar gwamnati. Wayar intanet ta ƙarƙashin teku, ACE, ta fara aiki a ƙarshen 2012. A 2015 aka ƙaddamar da tashar hukumar AGEOS a Nkok, mai karɓar hotunan tauraron ɗan Adam, a ƙasar da daji ya rufe kusan kashi 88 cikin 100 na faɗinta. Lura da masu sare itace ba izini, da jiragen kamun kifi, da 'yan fashin mashigin Gini, duk aiki ne na ido da yawa a kan hoto ɗaya.

Yanayin garin ma malami ne. A Kano ƙurar hunturu ce abokiyar gabarmu, a nan kuwa danshi ne da gishirin teku. In wuta ta ɗauke na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, raɓa kan kwanta a jikin kaya. Bangon LED da ya kwana biyu a kashe ba a kunna shi da ƙarfi kai tsaye, a hankali ake ƙara masa haske na sa'o'i har ya bushe, in ba haka ba ƙwayoyi su mutu layi-layi. Shi ya sa raina kan ɓaci in na ga ɗan kwangila ya sayo talabijin ɗin gida ya rataya a ɗakin da ba a kashe wuta dare da rana. Na gida an ƙera shi ne don 'yan sa'o'i a yini.

Babbar illarsa ma ba gajiya ba ce. Tun da alluna suka fara zuwa da kwamfuta a ciki, da Wi-Fi da Bluetooth da makirufo, tambayarmu ta sauya. Da muna tambaya ne, yaya haskensa? Yanzu muna tambaya, da wa yake magana? A watan Fabrairu na 2017 kamfanin Vizio ya amince ya biya dala miliyan 2.2 a Amurka saboda tattara bayanan abin da ake kallo a talabijin miliyan 11 ba da yardar masu su ba. Wata guda bayan haka WikiLeaks ya saki takardun da ke bayyana wata manhajar CIA mai suna Weeping Angel, wadda in aka cusa ta a wani samfurin talabijin na Samsung za ta sa ya yi kamar a kashe yake alhali yana naɗar maganar ɗaki. A Janairun 2018 jaridar Le Monde ta ruwaito cewa shekara biyar ana kwashe bayanai da dare daga hedikwatar Tarayyar Afirka a Addis Ababa zuwa Shanghai. Sin, wadda ta gina ginin kyauta, ta musanta, shugabannin Tarayyar ma haka. Duk da haka labarin ya sa manyan jami'ai sun fara yi mana tambayoyin da da ba sa yi.

Amurka ta mayar da nata tsoron doka. Tana da dokar ciniki ta 1979 da ta taƙaita manyan sayayyar gwamnati ga kayan gida da na wasu ƙasashe da aka lissafa, Sin ba ta ciki. A 2018 ta ƙara da haramta wa hukumominta kayan Huawei da ZTE da Hytera da Hikvision da Dahua. Wannan ne ya sa manyan kamfanoni ke fitar da samfura na musamman, marasa Wi-Fi, don ofisoshin gwamnati. Sai dai dokar Amurka muradin Amurka take karewa. A 2020 jaridar Washington Post da tashar ZDF ta Jamus sun bankaɗo cewa kamfanin Crypto AG na Suwizalan, wanda ya sayar wa ƙasashe sama da 100 na'urorin ɓoye saƙo, ya koma mallakar CIA da hukumar leƙen asirin Jamus a 1970. Ga kuma cuɗanyar kasuwa: Leyard na Sin ya sayi Planar na Amurka a 2015, Samsung ya daina ƙera gilashin LCD a 2022, mafi yawan bangunan LED na duniya kuma daga Sin suke fitowa. Sunan da ke gaban allo ba ya gaya maka abin da ke cikinsa. Ƙasa irin Gabon ko Najeriya ko Nijar ba ta da dalilin miƙa amanarta ga tutar kowa.

Abin da ya rage mata shi ne ta buɗe ta duba. Ga yadda aiki mai kyau yake tafiya. Wayoyinmu na hannu a bakin ƙofa suke tsayawa. Mu kwantar da allo a kan bargo, jami'in tsaro na tsaye, mu kwance murfin baya. Katin Wi-Fi ɗan ƙarami ne, bai kai faɗin yatsa biyu ba, da 'yan siraran wayoyi biyu a jikinsa. Mu zare shi, mu sa a ambulan, a rubuta lambar allon a kai, jami'i ya sa hannu. Mu toshe ramukan USB, mu kashe idon rimot, mu sauya kalmar sirrin da kamfani ya zo da ita, sannan mu manna hatimin da in an taɓa zai yage. Wani darakta ya taɓa ce min, "Malam, mun biya kuɗin allo mai wayo, kai kuma kana cire masa wayon." Na ce, "Ranka ya daɗe, wayon yana wajen mutanenka da ke zaune a gabansa. Shi aikinsa ya nuna abin da aka ba shi, ya yi shiru." Ya bar mu muka ƙarasa.

Duk wannan kuwa banza ne in makullin yana hannun baƙo. Na sha ganin ɗaki mai tsada wanda babu ɗan ƙasa ko ɗaya da ya san kalmar sirrin na'urar da ke rarraba hotuna. Da abu ya lalace, sai a jira injiniya daga waje, ko kuma a jona na'urar da intanet don ya gyara daga ƙasarsu, a buɗe da hannu ƙofar da aka kashe miliyoyi wajen rufewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da na fi gani a sana'ar nan ita ce wannan.

Maganin ba shi da tsada in aka kwatanta da kuɗin kayan. A rubuta cikin kwangila cewa ba za a biya kason ƙarshe ba sai an miƙa zanen wayoyi da kalmomin sirri da kayan sauyi, an kuma horar da ma'aikatan gida har sun kwance sun ɗaura da kansu a gaban masu karɓar aiki. A sa makarantun koyon sana'a su riƙa koyar da wannan fanni. Yaran da ke gyaran waya a Farm Centre ta Kano da kasuwar Mont-Bouët ta Libreville suna da hannu da idon da ake buƙata. Abin da ya rage a tantance su, a horar da su, a ba su albashin da zai riƙe su, domin ɗakin da 'yan ƙasa ba su iya gyarawa ba, ba su ne ke da iko da shi ba.